Man shafawa mai ƙamshi a hunturun nan: gyara yake yi ko ɓarna?

Maman Biyu, Aboabo:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Don Allah shawara nake nema, abin ya tsaya mini a rai tun shekaranjiya. Tun da hunturun nan ya kama fatata ta bushe, ƙafafuna sun yi fari fat kamar na taka toka, diddige har ya fara faso. Mako uku ke nan na sayi wani mai a wajen wata da ke tallarsa a waya. 'Yar kwalba ce, ƙamshinsa kamar na lemon tsami da fure. Ta ce na itatuwa ne zalla, ana shafa shi a jiki, ana sa shi a kai, kuma yana ƙara tsawon gashi. Gaskiya ƙamshin ya yi mini. Ina shafawa safe da dare, ina kuma ɗiga wa 'yata mai shekara 5 a tsagar kitsonta. To yanzu wuyana da bayan hannuwana sun yi duhu, wurin yana yi mini raɗaɗi, bushewar ma ba ta tafi ba, bayan awa biyu kamar ban shafa komai ba. Yarinyar kuwa susar kai take har cikin barci. Jiya da na tsefe mata na ga wani wuri zagaye kamar kwabo, gashin duk ya karye. Man ne ko hunturu ne? In daina ko in ci gaba?

Hajiya Mai Turare, Alabar:
Wa alaikumus salam 'yata. Sannu, Allah Ya ba ku lafiya. Ki ajiye shi tukuna, daga ke har yarinyar. Kada ki zubar, ki ɗauko kwalbar ki faɗa mini abin da ke rubuce a jikinta. Kwalbar gilashi ce mai duhu ko roba ce fara?

Maman Biyu, Aboabo:
Roba ce fara Hajiya, ana hango man a ciki. Takardar da aka manna hoton ganye ne da sunan man da lambar waya. Babu jerin abubuwan da aka haɗa, babu ranar lalacewa.

Anti Nas, Tafo:
Maman Biyu, ƙanwata, matsala biyu ce kika kawo, kada a haɗa su. Ta yarinya ta fi gaggawa. Wuri zagaye a kan yaro, gashi ya karye, ga susa, abin da ya fara zuwa mini shi ne makero. Ban gan ta ba, saboda haka ba hukunci nake yankewa ba, amma ki ɗauki katin inshorarta ku je asibiti gobe. In makero ne, babu man da zai warkar da shi, mai ƙamshi ko marar ƙamshi, domin ƙwayar cutar, wadda dangin fumfuna ce, a cikin silin gashi take zama. Maganin sha ake bayarwa na tsawon mako 6 zuwa 8. Yana kuma yaɗuwa ta mataji da hula da matashin kai da injin aski, don haka a duba kan ɗan'uwanta shi ma.

Naki kuwa tambaya ɗaya zan yi: in kin shafa da safe kina fita rana?

Maman Biyu, Aboabo:
Kullum. Ina kai yara makaranta da ƙafa, daga nan in wuce Kejetia, babbar kasuwar Kumasi, saro kaya.

Anti Nas, Tafo:
To akwai abin dubawa a nan. Man da aka matso daga ɓawon lemon tsami da wasu danginsa yana ɗauke da wani sinadari wanda in yana kan fata rana ta doke shi, sai ya ƙona wurin. Da farko ja ko raɗaɗi, daga baya ya bar tabo mai duhu, kuma a baƙar fata irin tamu tabon kan ɗauki watanni kafin ya dushe. Lura da inda naki ya fito: wuya da bayan hannu, inda mayafi ba ya rufewa sosai. Ruwan lemon tsamin da wasu ke matsawa a cikin man shafawa shi ma haka yake yi. Wanda duk ya shafa irin wannan ya kamata ya ƙaurace wa rana aƙalla awa 12. Zai kuma iya zama fatarki ce kawai ta ƙi turaren da ke ciki, domin turare yana sahun gaba a abubuwan da ke tayar wa mutane da fata a kayan shafa.

Hajiya Mai Turare, Alabar:
Anti Nas, da girmanki da iliminki, amma maganarki ta ƙarshe ba zan bar ta ta wuce ba. Shekara fiye da ashirin ina wannan sana'a, mahaifiyata ma ita ta yi. Iyayenmu sun shafa mai mai ƙamshi, sun haifi 'ya'ya goma-goma, fatarsu sumul. Ba ƙamshi ne matsala ba, jabu ne. Yanzu in mata suka karanta abin da kika rubuta sai su ɗauka duk mai turare cuta take sayarwa.

Anti Nas, Tafo:
Hajiya, Allah Ya huci zuciyarki, ni kaina a shagonki na sayi humrar da na kai wa ƙanwata lokacin bikinta. Ban ce ku masu cuta ne ba. Abin da nake ja da shi kalmar nan ce ta “na itatuwa ne zalla” da ake kashe bakin mai saye da ita. Tumfafiya ma itaciya ce, amma wa zai yarda ruwanta ya shiga idonsa? Ko man ya kasance na ainihi, tsantsarsa ba abin shafawa ba ne a fatar da ta riga ta tsattsage. Lafiyayyar fata kamar gida ne mai ƙofa a kulle. Ta hunturu kuwa a buɗe take, komai aka sa yana shiga ciki.

Hajiya Mai Turare, Alabar:
To a wannan mun haɗu. Bari in yi muku bayanin da ba kowace mai sayarwa za ta yi ba, don ku san abin da kuke biyan kuɗi a kai. Abu uku ne ake kira “mai” a kasuwa, kuma ba ɗaya suke ba.

Akwai man asali wanda ake matsowa daga ƙwaya ko 'ya'yan itace: man kaɗe, man kwakwa, man riɗi, man zaitun, man kuka, da man argan na Maroko. Waɗannan su ne masu maiƙo, su ke laushin jiki, kuma ƙamshinsu kaɗan ne ko ma babu.

Akwai tataccen man ƙamshi, wanda ake turara ganye ko fure da tururi a tattara abin da ya ɗigo. Shi sunansa kawai mai, amma babu maiƙon kirki a jikinsa, tashi yake yi a iska. Ki ɗiga shi a farar takarda ki dawo daga baya, yawancinsu ba za su bar tabon maiƙo ba. Ba ya gyara bushewar fata ko kaɗan, ƙamshi ne aikinsa. A kwalbar gilashi mai duhu ake zuba shi saboda haske da zafi suna lalata shi. Tsadarsa kuma ba wasa ba. Wadda ta taɓa zuwa Ɗa'ifa bayan Umra ta ga yadda ake tatar wardi. Sai an tara furanni fiye da tan 3 kafin a samu kilo 1 na man. To wata ta zo ta ce miki ga tsantsar man wardi kwalba cike a kuɗin kwanon wake da shinkafa, ai kin san ba haka ba ne.

Na ukun shi ne turaren haɗi na masana'anta, wanda ake tsarma shi da wani mai marar wari. Ni ma ina sayar da shi, ba haram ba ne, amma ina faɗa wa mai saye cewa na tufafi ne da bayan kunne, ba na mulke jiki ba. Zatona abin da ke hannun Maman Biyu haɗe-haɗe ne na wannan da wancan, kuma wadda ta haɗa ba ta auna ba.

Amarya, Sawaba:
Hajiya Allah Ya saka da alheri, ban taɓa jin wannan bambancin ba. Ni duk kwalbar da aka zana ganye a jikinta ɗauka nake magani ce.

Anti Nas, Tafo:
Ƙari a kan na Hajiya. Duk kayan shafar da ake sayarwa a ƙasar nan ya kamata ya zama da rajistar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana, da jerin abin da ke ciki, da ranar lalacewa. In babu, ki mayar da kuɗinki jaka. Abin da ya fi ba ni tsoro a waɗannan kwalabe marasa suna ba turaren ba ne ma. Wasu ana zuba musu sinadarin bilicin ko maganin sitiroyid don mai saye ta ga “haske” cikin mako biyu ta dawo. Tun 2016 hukumar ta hana shigo da kayan shafa masu sinadarin bilicin na haidirokwinon, amma mai haɗawa a ɗakinta wa ya gan ta? Sitiroyid yana sa fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito, nanƙarwa ta tsage jiki, ƙuraje su feso. Muna ganin su a wurin aiki, kuma gyaran yana da wuya.

'Yar Tamale, Asawase:
Salamu alaikum. Ina ta karantawa raina yana sosuwa. Maman Biyu, hunturun Kumasi ai ɗan'uwan damina ne in aka gwada shi da namu na arewa. A can leɓe yana tsagewa har ya yi jini, hanci ya bushe, wanki ya bushe kafin ki gama shanya. Kuma da man kaɗe kaɗai muka tashi, tun daga ranar da aka haife mu.

Mahaifiyata har yau tana yin sa da hannunta. Da farkon damina, wajen watan Mayu zuwa Agusta, mata ke fita da asuba tsintar kaɗanya, ana kaffa-kaffa da macizai a cikin ciyawa. A cire naman, a dafa ƙwarar, a shanya ta kwanaki, a fasa, a daka, a soya, a kai niƙa. Sannan aikin da ke karya baya: a zauna gaban baho ana bugun ƙullin da hannu ana zuba ruwa kaɗan-kaɗan, har man ya taso fari a sama kamar kumfa. A kwashe, a wanke, a dafa, a tace, a bar shi ya daskare. Itaciyar kanta sai ta yi shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya. Wannan man da Asantawa ke kira nkuto, shi ne ake lodawa a kai Turai da Amurka, a ɗiga masa turare, a zuba a kwalba mai kyau, a dawo mana da shi da tsada. Mu kuma muna wuce shi a faranti a kasuwa muna toshe hanci. Wallahi abin yana yi mini ciwo.

Amarya, Sawaba:
Yaya, ki yi haƙuri, ba raini ba ne. Na gwada, warin hayaƙin ne ba na iya jurewa, kuma maigida ma ya yi magana. Wata uku da aure, kin san yadda abin yake. Shi ya sa muke gudu wajen masu ƙamshi.

'Yar Tamale, Asawase:
Ƙanwata, kin yi gaskiya, kuma ba laifinki ba ne. Mai ƙaurin nan an ƙona ƙwarar ne wajen suya, ko an busar da ita a kan hayaƙi. In kuma wari ne mai tsami-tsami, tsoho ne ya lalace, kada ki saya. Mai kyau ƙamshinsa sanyi-sanyi ne kamar na gyaɗa, kuma bayan ɗan lokaci a jiki ba a jin sa. Ki lakato kaɗan ki murza a bayan hannu, in ya narke nan take ba tare da kin ji tsakuwa ko danƙo ba, to shi ne. Fari ko rawaya duk ɗaya ne, rawayan saiwar wani itace ake sa masa lokacin dahuwa.

Hajiya Mai Turare, Alabar:
Amarya, zo nan in koya miki abin da uwata ta koya mini. Raba aikin gida biyu. Jiki a ba shi mai marar ƙamshi, ƙamshi kuma a ba tufafi. Ki turara kayanki da zanin gadonki da turaren wuta, ki sa humra a gefen mayafi da ɗankwali. Ƙamshin da ya kama yadi ya fi daɗewa a kan wanda aka shafa a fata, har bayan wanki ana jin sa. In kuma lallai sai man ya yi ƙamshi, ki narka man kaɗe a kwano a kan ruwan zafi, ba a kan wuta kai tsaye ba, ki zuba man kwakwa kamar kashi ɗaya cikin huɗu don ya yi laushi, ki bari ya huce ya fara kauri, sannan ki ɗiga ƙamshin ki buga da cokali. In kika zuba da zafi ƙamshin zai gudu.

Amarya, Sawaba:
Ɗigo nawa Hajiya?

Hajiya Mai Turare, Alabar:
Ni da hanci nake aunawa 'yata. Anti Nas ta ba ki lissafi.

Anti Nas, Tafo:
Hancin Hajiya ya yi shekara ashirin yana aiki, naki bai yi ba, don haka ki ƙirga. Babban cokali yana ɗaukar mililita 15. Ɗigo 3 na tataccen mai a babban cokali ɗaya ya ba da kusan kashi 1 cikin 100. Ɗigo 6 kashi 2 ke nan, kuma a nan za ki tsaya ga jikin babba mai lafiyayyar fata. A fuska ki rage ko ki bari. Kafin ki mulke jiki, ki shafa kaɗan a cikin gwiwar hannu safe da yamma na 'yan kwanaki, domin wata ƙiyayyar fatar ba ta nunawa a rana ɗaya. Jarirai da ƙananan yara kuwa babu ruwansu da wannan, mai zalla kawai. Musamman man na'a-na'a da na kafur da na yukaliftus, kada a kai su kusa da hancin jariri, suna iya taɓa numfashinsa. Mai ciki ta tambaya a wajen awo. A kuma ɗaga kwalbar sama, yaro in ya sha tataccen mai guba ne.

Amma Maman Biyu, ban manta da tambayarki ta farko ba, dalilin da ya sa bayan awa biyu kike komawa fari. Mai ba ya ba fata ruwa. Murfi ne, yana rufe ruwan da ya tarar. In kika goge jiki ya bushe ƙarau, kika yi shara, kika haɗa wa yara koko, sannan kika shafa, to kin rufe tukunyar da ba komai a ciki. Ki shafa da kin fito wanka jiki da sauran damshi. Sannan ki duba wankan kansa. Ruwa mai zafi sosai, da dirzar jiki da soson raga (sapo) kamar ana wanke tukunya, da sabulun salo sau biyu a rana, da maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake ɗigawa a bokiti, duk suna kwashe maiƙon da Allah Ya halicci fata da shi. Sabulun salo yana da kyau, amma da toka ake yin sa, yana da kaifi. A hunturu ki rage shi. Diddige kuma ki jiƙa shi da dare, ki shafa man kaɗe ko basilin da kauri, ki sa safa. In faso ya ƙi warkewa, ko ana yawan ƙishirwa da fitsari, a gwada suga.

Malama, Sawaba:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na ga an lissafa mayuka da yawa, man zaitun sau ɗaya kawai aka ambata. Ya zo a hadisi cewa a ci man zaitun a kuma shafa shi domin daga itaciya mai albarka yake. Ni shi nake amfani da shi, shi nake shafa wa jikokina.

Anti Nas, Tafo:
Malama, na yi imani da albarkarsa, yana nan a kicin ɗina, kuma a gashi yana da kyau ƙwarai. Abin da na sani ta ɓangaren aikina shi ne, a 2013 an wallafa wani ɗan gwaji da aka yi a Sheffield ta Ingila a kan manya 19. An riƙa ɗiga musu man zaitun a hannu sau biyu a rana na makonni, aka ga ya raunana saman fatar, alhali man sanfulawa bai yi haka ba. Gwajin ƙarami ne, ba a kan jarirai aka yi shi ba. Amma saboda shi nake ce wa uwar da ɗanta ke da kirci ko fata mai saurin tashi ta zaɓi wani man. Wanda yake shafawa yana jin daɗinsa ya ci gaba.

Malama, Sawaba:
Wannan ba saɓani ba ne. Zuma ma waraka ce, amma ba a hana mai ciwon suga ya kiyaye ba. Jikata ɗaya tana da irin fatar da kika faɗa, zan lura.

Tun da na shigo, bari in amsa abin da mata ke yawan tambayata a makaranta duk hunturu. Mai ba ya hana alwala in ya narke ya shiga jiki, ko da ruwa yana silalewa a kai. Abin da malamai suka ce a gusar shi ne wanda ya daskare ya yi kauri har ya tare ruwa. Kuma ku lura, gaɓoɓin alwala su suka fi bushewa saboda sau biyar ruwa ke taɓa su iska ta busar. Ni 'yar roba nake ajiyewa kusa da darduma, ina idar da salla in shafa a hannu da ƙafa. Game da ƙamshi kuma, 'ya'yana, kun san hukuncin mace ta fita da ƙamshi mai tashi. Mai marar ƙamshi da safe ya raba ki da wannan damuwar, mai ƙamshin ki bar wa dare a ɗakinki.

Mai Kitso, Asawase:
Ku yi haƙuri sai yanzu na tashi daga aiki. Maganar makero ta tayar mini da hankali, domin yara da yawa ke zama a gabana. Ni ina wanke matajaina da ruwan zafi da sabulu, amma daga yau duk uwar da za ta kawo yarinya ta zo da matajinta da tsinkenta.

Zancen man da ke sa gashi tsawo, ni da kai nake wuni, kuma ban taɓa ganin man da ya tsiro da gashi a inda babu ba. Abin da na gani shi ne gashin da ya daina karyewa, sai mai shi ta ce ya yi tsawo. Gashinmu a murɗe yake, maiƙon fatar kai ba ya iya gangarowa har ƙarshen sili, shi ya sa bakin gashin ke bushewa ya karye a mataji. To a can ake buƙatar mai, a jikin gashin da bakinsa, bayan an fesa ruwa. Amma mata sai su bi tsaga suna ɗura mai a fatar kai, a rufe da hula da hijabi a zafin nan, bayan mako biyu in na tsefe sai in tarar da dauɗa ta yi kauri.

Kuma zan faɗi wadda ba a so. Gaban goshin da ke cinyewa, kitso ne mai ja. Ina cewa a sassauta, sai a ce ana so ya kai wata guda. In kin tashi daga kitso ba ki iya yin sujuda sai da ciwo, ko kika ga ƙananan ƙuraje a bakin goshi, ki kwance shi a ranar ko da ni na yi miki.

Hajiya Mai Turare, Alabar:
Mai Kitso, a nan kam ban bi ki ba. Mu da man shanu aka riƙa bi mana tsaga duk kitso, kuma gashina har yau yana taɓa kafaɗa. Kai in bai sha mai ba ai amosari ne zai cika shi.

Anti Nas, Tafo:
Hajiya, wadda kanta ke lafiya ɗan mai a tsaga ba zai yi mata komai ba, ke shaida ce. Amma mai amosari na gaske labarinta daban. Ba bushewa ce ke kawo shi ba, wata ƙwaya ce da ke zaune a fatar kan kowa, kuma maiƙo ne abincinta. Mai yana kwantar da garin ya daina zuba a ido, ƙwayar kuwa tana samun abinci. Shamfu mai ketokonazol, maganin da ke kashe ƙwayar, ake wanke kai da shi, a bar kumfar minti 5 kafin a ɗauraye.

Mai Kitso ta yi daidai a kan tsawo. Gashi yana ƙaruwa da kusan santimita 1 ne a wata, kuma zubar sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Man kwakwa yana da hujja mai kyau: wani bincike a Indiya a 2003 ya nuna yana ratsa cikin sili ya rage lalacewarsa wajen wanki, don haka a shafa shi kafin a wanke kai. Man rozmari da ake ta yayatawa a TikTok kuwa, yawanci gwaji ɗaya ake jingina da shi, na Iran a 2015, a kan maza 100 masu sanƙo na gado, wata 6. Wannan bai ce komai ba a kan matar da kitso ya ci goshinta, ko mai jego da gashinta ke zuba wata uku bayan haihuwa, ko wadda jininta ya yi ƙasa.

Hajiya Mai Turare, Alabar:
Na ji, amma ni dai ba zan daina bin tsagata da mai ba.

Mai Kula da Zaure:
Iyaye, mun gode. Mutum biyu sun turo hoton kaya da farashi, na goge. Ba yau ce ranar talla ba, a bari sai Asabar. Wata kuma ta nemi a saka lambar wadda ta sayar wa Maman Biyu man don a kunyata ta. Ba za mu yi haka a nan ba. Maman Biyu ta yi mata magana tsakaninsu, in akwai ƙara kuma ofishin hukuma yana nan a garin nan.

Maman Biyu, Aboabo:
Salamu alaikum, na dawo da bayani bayan kwana biyar. Mun je asibiti. Makero ne, kamar yadda Anti Nas ta yi zato, kuma an ga ɗan wuri a ƙeyar yayanta shi ma, wataƙila daga wajen aski ya ɗauko. An ba su maganin sha na mako 6 da shamfu, aka ce kada in tsaya ko na ga gashi ya fara fitowa. Likitan ya ce ba man ne ya kawo shi ba, amma da na ci gaba da ɗurawa ina jira da ya bazu. Wuyana ya daina raɗaɗi tun kwana biyu da dainawa, duhun dai yana nan, an ce in yi haƙuri in riƙa rufe shi daga rana, kada in sa man bilicin. Na kira mai man na faɗa mata. Ta ce ita ma sarowa take, ba ta san abin da ke ciki ba, ta ba ni haƙuri. Ina shafa man kaɗe da damshin wanka, ƙafafuna sun fara dawowa. Yaya 'Yar Tamale, in Mama za ta aiko, a sa da ni.

'Yar Tamale, Asawase:
Alhamdu lillahi. Na yi mata waya, ta ce akwai na bana da ta ajiye, za ta ba direba ranar Lahadi. Ke da Amarya da Malama na rubuta. Kowa ta tanadi roba mai murfi, a ajiye a inuwa nesa da murhu.

Hajiya Mai Turare, Alabar:
Ki rubuta da ni, ƙwarya guda. Maman Biyu, in kin shigo kasuwa ki biyo da kwalbar nan ta shago, ina so in shinshina in ji me aka zuba.

Maman Biyu, Aboabo:
To Hajiya, in sha Allahu gobe. Anti Mai Kitso, akwai suna a gidanmu ranar Juma'a, yarinyar tana ta kuka sai an yi mata kitso kamar sauran yara. Zai yiwu?

Mai Kitso, Asawase:
Kada ki kawo ta shago, saboda sauran yara. Zan biyo gida Alhamis bayan La'asar in yi mata kalaba huɗu sako-sako, ba zan taɓa wurin ciwon ba, sai a ɗaura mata ɗankwali. Ki wanke mata kai da shamfun asibitin tun da safe ya bushe, ki ajiye mini matajinta ita kaɗai.